Haƙoran roban Baba na ƙasa sun ƙi zama, me za mu yi?

Dan_Kwarbai:

Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah shawara nake nema, musamman in akwai likitan haƙori a nan. Mahaifina ne, ya haura shekara 70, haƙoransa duk sun zube, guda huɗun da suka rage a ƙasa ma an cire su bayan ƙaramar sallah saboda suna girgiɗi suna hana shi barci. To da muka ga abinci ya gagara, daga kunu sai fura sai tuwo a dama masa da miya kamar na yaro, sai ni da ƙanena muka haɗa kuɗi muka kai shi wani wuri a Sabon Gari, ba sai na faɗi suna ba, aka yi masa haƙoran roba sama da ƙasa. Sati uku kenan da cirewar. Ranar Litinin aka ɗauki awon bakin, ranar Alhamis aka miƙo mana kaya, zuwa biyu kawai.

Na saman lafiya lau wlh, sai ma ya sa yatsa ya ɓanɓaro shi. Amma na ƙasan iyo kawai yake a baki, da ya buɗe baki zai yi magana sai ya taso, kuma kana jin haƙoran suna karo ƙas ƙas ƙas. Leɓensa ba ya rufuwa sai ya matsa, fuskar ta yi wani irin tsawo, in yamma ta yi yana cewa muƙamuƙinsa ya gaji kamar ya wuni yana tauna. Ga wani gyambo fari da ya fito a dasashin ƙasa ta hagu. Abin da ya fi damunsa ma ba cin abincin ba ne, shi yake jan sallah a ɗan masallacin ƙofar gidanmu, yanzu in ya zo kan harafin sinun a karatu sai ka ji fito, rannan a sujadar Asuba ya kusa faɗowa sai da ya danne shi da harshe, tun daga ranar ya ce wani ya riƙa shiga gaba.

Mun koma wurin mutumin ya sa inji ya kankare cikin na ƙasan, sai ma ya ƙara sakwaf-sakwaf, da muka sake komawa ya ce mu sayi gam a kemis, kowa ma haka yake yi. Yanzu dai suna cikin kofin silba a kan taga. Shin haƙuri za mu yi ya saba, ko gam ɗin za mu saya, ko kuwa aikin ne ya ɓaci?

Maman_Ilham:

Wa alaikumus salam, Allah ya ba Baba lafiya. Kakata ta wajen uwa a Tudun Wada ta yi irin wannan, ta fi wata biyu tana faɗa da na ƙasan kafin ta iya, har cewa take an sa mata linzami. Daga baya ta saba har tana cin dambun nama. Gam ɗin yana taimakawa gaskiya amma ɗigo uku ƙanana ake sawa ba a laftawa. Abu ɗaya zan ja kunnenku, kar a sa su a ruwan zafi, wata jikarta ce ta ga kamar sun yi datti ta zuba musu tafasasshen ruwa wai tana kashe ƙwayar cuta, suka murɗe ba su sake shiga bakin ba sai sabo aka yi.

Sarkin_Samarin_PZ:

Malam ku kai shi Masar a dasa masa na ƙarfe kawai a huta, wannan na cirewar ai wahala ce. In kuma ba hali Baba ya yi sallama da kilishi hhh. Allah ya sawwaƙe

Likitan_Haƙori_Zazzau:

Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya ƙara wa Malam lafiya da nisan kwana. Ban duba bakinsa ba don haka ba zan yanke hukunci daga nan ba, amma bayanin da ka yi ya fito da abubuwa sarai, kuma a ganina wannan ba maganar sabo ba ce kawai.

Bari in fara da abin da ba laifin kowa ba. Na ƙasa ko a hannun wane gwani aka yi shi ba ya kama baki kamar na sama. Na sama yana kwance ne a kan ganɗa mai faɗi, miyau ya shiga tsakani ya manne su, kamar dai yadda kofin gilashi yake kama tire in akwai ɗan ruwa a gindinsa, sannan gefensa ya toshe iska ko'ina har can baya inda ganɗa mai tauri ta haɗu da mai laushi, wurin da in mutum ya ce "aa" za ka ga yana rawa. Muddin iska ba ta shiga ba ba zai faɗo ba. Shi kuwa na ƙasa siffarsa kamar harafin nunun ce, ɗan siriri ne a lanƙwashe, wurin zamansa bai wuce kusan rabin na sama ba, ga harshe yana tura shi daga ciki, kumatu da leɓe suna matso shi daga waje, ƙasan harshe kuma yana ɗagowa duk sanda aka haɗiyi miyau. Sannan ƙashin da ya riƙe haƙori narkewa yake yi a hankali in an cire haƙorin, kuma na ƙasa ya fi saurin tafiya. Akwai wata mai bincike Tallgren da ta bi masu haƙoran roba tsawon shekara 25, ta fitar da sakamakon a 1972, ta ga ƙashin gaba na ƙasa yana raguwa kusan ninki huɗu a kan na sama. To ka ga dama can mai rauni ne, shi ya sa ba ya ɗaukar ko ɗan kuskure.

Yanzu inda na ga matsala. Sati uku bayan cirewa dasashi bai gama sacewa ba, wata uku zuwa shida na farko nan ne ya fi saurin motsewa, wato awon da aka ɗauka ranar Litinin ɗin nan na bakin da yanzu babu shi ne. Ana iya yi wa mutum haƙora da wuri haka don kar ya zauna baki wayam, amma sai a gaya masa tun farko na wucin gadi ne, za a dawo a yi wa cikinsa sabuwar shimfiɗa.

Amma babban abin da nake zargi shi ne tsayin cizon. Ka gwada a kanka yanzu, ka zauna ka saki jiki ka rufe leɓe, za ka ji haƙoranka na sama da na ƙasa ba sa taɓa juna, akwai ɗan fili a tsakani kamar milimita 2 zuwa 4, a nan naman muƙamuƙi yake hutawa. Dole mai yin haƙoran roba ya bar wannan filin. In ya yi su da tsayi suka cinye shi sai ka ga daidai abin da ka lissafa, haƙora na karo in ana magana, leɓe ba ya rufuwa sai da ƙarfi, fuska ta yi tsawo, muƙamuƙi ya gaji, dasashi ya yi ta ciwo saboda wuni ake ana danna shi babu hutu. In kuma suka yi gajarta sai fuska ta lotsa, haɓa ta matso hanci, gefen baki ya riƙa tsagewa yana jiƙewa da miyau. Za ku iya ɗan gwadawa a gida: ku ɗiga biro a tsinin hancinsa da kan haɓa, ya cire haƙoran ya zauna a miƙe ba tare da ya jingina kai ba, ya haɗiyi miyau ya ce "mmm" ya saki jiki, ku auna tsakanin ɗigon biyu. Sai ya sa haƙoran ya cije ku sake aunawa. Na biyun ya kamata ya gaza na farkon da wajen milimita 2 zuwa 4. Gwajin gida ne, fata tana motsi, amma yana nuna alama. Sannan ku sa shi ya ƙirga daga sittin zuwa saba'in da ƙarfi, a wajen furta "s" ne haƙora suka fi kusantar juna, in ka ji ƙas a "sittin da shida" to babu fili. Turawa suna da wani gwajin da harafin "f" don su ga tsawon haƙoran gaba, amma ni ban cika dogara da shi a kan dattawanmu ba, mu Hausawa da leɓe biyu muke furta shi, haƙori ba ya shiga ciki.

Bayan tsayi sai yadda suke haɗuwa. Haƙoran roba ba su da saiwa, a kan nama suke zaune, to kamar benci ne, in ka zauna a ƙarshe ɗaya ɗayan ya ɗaga. Ana so in mutum ya mai da muƙamuƙinsa baya inda yake zama da kansa ya rufe baki, turamen dama da na hagu su sauka lokaci guda, ko ya ɗan goga gefe ma a samu inda suke taɓawa a ɗaya ɓangaren don kar ya tuntsure. In gefe guda ya riga sauka sai farantin da haƙoran ke kai ya zame ya murje dasashi. Shi ya sa gyambon hagun nan ba lallai ne a ce robar wurin ce ta yi yawa ba, yana iya yiwuwa cizon ne yake tura shi can. Wanda ya ga gyambo kawai ya kama kankare ciki bai duba cizo ba, ya cire abin da yake riƙe da shi ne ya bar ciwon a wurinsa, kuma ka ce bayan kankarewar ya ƙara sakwaf. Akwai takarda mai shuɗi da muke sawa a cije ta nuna inda ya riga taɓawa, akwai kuma farin man da ake shafawa a ciki ya nuna daidai inda ke danna nama, ba da ka ake yi ba.

Zuwa biyu kuwa gaskiya ya yi kaɗan. A ƙa'ida sai an ɗauki awo na farko, a ƙera masa farantin ɗaukar awo nasa na kansa, a sake awo na biyu ana jan leɓe da kumatu ana sa shi ya motsa harshe don gefen ya bi yadda naman yake motsi, a dawo a gwada tsayi da cizo da dunƙulen kaki, a dawo a gwada haƙoran tun suna jere a kan kaki ya yi magana ya kalli madubi, sannan a gasa a ba shi, kuma ya dawo washegari ko cikin satin a duba. Ranar gwajin kakin nan da an yi ta da tun a nan za a ji ƙas ƙas ɗin, gyaransa a lokacin na ɗan mintuna ne.

Abin yi yanzu, ya bar na ƙasan a ruwa, ya riƙa kurkure baki da ruwan ɗumi da gishiri. In sati biyu suka wuce da daina sa shi gyambon bai warke ba kar a tsaya, a kai shi a duba, a shekarunsa ba a wasa da gyambon baki da ya ƙi warkewa. Ku je sashen haƙori na asibitin koyarwa a Shika ko wurin wani likitan haƙori mai rajista da MDCN, hukumar likitoci da likitocin haƙori ta Najeriya. In tsayin kaɗan ya wuce ana iya ɗora su a na'ura a rage kan haƙoran, in cikin ne kawai ya yi sakwaf a yi masa shimfiɗa, in kuma ya wuce sosai sai dai sabo, aƙalla na ƙasan. Gam na haƙori ba laifi ba ne ga haƙoran da aka yi daidai suna buƙatar ɗan taimako kamar yadda Maman Ilham ta ce, amma ba ya rage tsayi. Kuma dan Allah ban da supa gulu, ban da sanfefa, ban da reza, na sha ganin duka ukun.

Mai_Lab_Samaru:

Likita ya gama magana, ni ɗan ƙari ne daga ɓangarenmu masu ƙerawa. Mu ba ma ganin mara lafiya, abin da ke zuwa teburinmu zubin awon baki ne na filasta da kaki, in awon ya zo ba daidai ba to ƙarya za mu gina a kai komai iyawarmu. Aikin ma a rabe yake, shiga bakin mutum na likita ne, ƙira tamu ce, abin da aka koya mana kenan, amma yanzu sai ka ga mutum ɗaya a shago shi ne likita shi ne lab shi ne kashiya.

Sai dai zan ɗan saɓa da likita a wuri ɗaya, da girmamawa yallaɓai, ko an gyara tsayin in jeren haƙoran bai zauna daidai ba zai ci gaba da iyo. Akwai wani ɗan layi a baki inda turin harshe da turin kumatu suke yin kunnen doki, a nan ake so a jera turamen ƙasa, bisa doron dasashi. In aka shigar da su ciki sun matse harshe, shi kuma harshe ba ya haƙuri, da ya motsa zai cilla su sama. Haka in aka yi na ƙasan ya fi harshe tudu. Ana so harshe in ya kwanta gefensa ya ɗan hau kan turamen kamar yana danne su, haƙoran gaba na ƙasa kuma kar su wuce saitin leɓen ƙasa sosai. Bayan farantin ma muna ɗan rarake shi ne ta yadda kumatu zai kwanta a kai ya taya riƙewa. Kuma mutane suna son a yi musu ƙarami wai kar ya cika baki, alhali ƙaramin shi ya fi yawo, dole ya miƙe har ya hau ɗan tudun naman nan da ke can ƙarshen dasashin ƙasa, wurin ba ya saurin narkewa kamar sauran.

Fiton sinun ɗin kuma sau da yawa hanyar iskar ce ta yi ƙunci tsakanin harshe da farantin sama a bayan haƙoran gaba, ana gyarawa da ɗan ƙari ko ragi a wurin, wani kuma harshen ne yake sabawa in mutum yana yawan karatu a bayyane, to Malam ai ba shi da matsalar wannan.

Af, sunan ma da muke cewa haƙoran roba, da can da robar gaske ake yin farantin, irin gasasshiyar nan mai tauri, tun wajen shekarun 1850, sai a ƙarshen shekarun 1930 wani irin filastik da ake kira akirilik ya zo ya ture ta. Shi akirilik ɗin akwai wanda ake dafawa awanni, akwai mai daskarewa da kansa na gyaran gaggawa, masu sauri suna yin gaba ɗaya aikin da na biyun, bai kai wancan ƙarfi ba kuma yakan ƙona wa wasu baki. In za a sake ku tafi da tsohon hotonsa lokacin yana da haƙora, ko na fasfo ɗin aikin Hajji ne in leɓen ya fito, yana taimaka mana ƙwarai. Kuma kar ku matsa sai farare tas, dattijo da haƙora kamar audugar Funtuwa daga nesa ake gane na sawa ne.

Dan_Kwarbai:

Kai jama'a na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri ya jiƙan mahaifa. Likita mun yi gwajin bayan la'asar da tef ɗin ɗinkin ƙanwata, Baba yana ta dariya wai mun mai da shi allo. Ba haƙora mun samu milimita 68, da haƙora a cije 69, mun maimaita sau uku kusan haka yake ba mu. Ƙirgen kuwa ko sittin da uku bai kai ba aka fara ƙas ƙas. Wani abin da ban faɗa ba yana da suga da hawan jini yana shan magani, kuma kullum yana ƙorafin bakinsa a bushe, da buta a gefensa yake kwana. Sannan maganar dashen da Sarkin Samari ya kawo, da gaske ne ko zolaya ce?

Likitan_Haƙori_Zazzau:

Mai Lab ban ƙi ta taka ba ko kaɗan, in an zo sakewa sai an duba duka biyun. Malam Dan Kwarbai in awonku ya yi kusa da daidai to babu filin hutu sam, har ma an ɗan buɗe masa baki fiye da inda yake hutawa, wannan ba a sabawa da shi, ku fara shirin sabon na ƙasa. Bushewar bakin ma babbar magana ce, miyau shi ne gam na asali, suga in bai daidaita ba yana busar da baki kuma yana hana gyambo saurin warkewa, wasu magungunan hawan jini ma suna busarwa. Kar ya daina shan komai, ku dai tafi da ledar magungunan gaba ɗaya likita ya gani.

Dashe gaskiya ne kuma ba sai an je Masar ba, ana yi a Najeriya. Ba kowane haƙori ake dasawa ba, ƙusa biyu ta ƙarfen titaniyam ake kafawa a ƙashin gaba na ƙasa, farantin ya riƙa ɗanewa a kai kamar maɓalli, ana cirewa a wanke. A 2002 masana sun taru a jami'ar McGill ta Kanada suka ce wannan ya kamata ya zama zaɓin farko ga wanda ba shi da haƙoran ƙasa. Amma akwai tsada, sai an ɗauki hoton ƙashi, sai sugan ya daidaita, kuma shi ma in cizon bai yi ba ba zai yi daɗi ba. Ku fara da samun wanda aka yi daidai tukuna.

In ya samu sabon ya fara da abu mai laushi, loma ƙanana, ya raba ta dama da hagu ya tauna lokaci guda, kar ya gatsa da na gaba don na saman zai saki ta baya. Goro a gurza masa, rake da aya kam sai dai a ba jikoki. Da dare ya cire ya wanke da buroshi da sabulu a kan kwano mai ruwa saboda in ya suɓuce kar ya fashe, ya kwana cikin ruwan sanyi, kwana da su a baki yana kawo jan ganɗa irin na fangas musamman ga mai suga. Ranar da za ku je asibiti ya sa su duka biyun na awa biyu ko uku kafin ku fita, in zai iya jurewa, don wurin da ke ciwo ya nuna.

Maman_Ilham:

Ni dai a gaya wa Malam ya koma limancinsa kafin nan, ya sa na saman kawai tunda shi yana zama. Ai ka ce da haƙora huɗu yake jan ku tun ba yau ba

Dan_Kwarbai:

Hhh Hajiya na karanta masa, ya ce a gaishe ki, wai gobe da Asuba zai gwada ya ji ko sinun ɗin za ta fita. Laraba in sha Allahu za mu shiga Shika, hoton Hajjin ma Inna ta lalubo shi a ƙasan adaka.